Yadda Za Ka Gane Ko Tsohuwar Kwamfutarka Ta Cancanci Sabon Faifan Ajiya

Shagunan buga takardu da dama a Birnin Kebbi, musamman na kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, tsofaffin Dell OptiPlex da HP ne ke riƙe da su. Idan kwamfuta ta fara nauyi, ɗalibai na tsaye suna jiran aikinsu, sai mai shago ya ce ta gama yayi. Sau da yawa faifan ajiyarta ne kawai ya gaji, kuma kafin ka kashe ko sisi za ka iya tabbatarwa da kanka.

Fara da kwashe muhimman takardunka zuwa filasha ko wani faifai na waje. Kada ka ɗaga wannan zuwa gobe.

Daga nan, lokacin da take cikin nauyin, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Idan ka ga Disk ya maƙale a kashi 100 alhali CPU, wato furosesan da ke sarrafa ayyukan kwamfutar, na hutawa, to faifan ne matsalar. In kuma Memory ne ya cika, RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ne ya yi kaɗan, kuma faifai kaɗai ba zai warkar da kwamfuta mai 2GB ba. Kai ta 8GB tukuna in babban allon da ke cikin akwatinta, wato motherboard, zai ɗauka.

Sai ka duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Shuɗi lafiya lau, rawaya gargaɗi, ja kuwa ajali ya kusa. Idan kana jin ƙas-ƙas daga cikin akwatin, ba ka ma buƙatar manhaja. Tsohon faifai, wato HDD, faranti ne da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allura na bi ta kansa. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a nan, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da ɗauke wuta ba sallama, duk suna rage masa kwana. Sabon nau'in faifai kuwa, wato SSD, ba shi da abin da ke motsi, kuma yana karanta kusan 500MB a daƙiƙa ɗaya, inda HDD ke fama da 100 zuwa 150. A ganina, a duk gyaran da ake yi wa tsohuwar kwamfuta babu wanda ake jin amfaninsa nan take kamar wannan.

Yanzu kashe ta, zare wayar wuta, buɗe murfin gefe. Siririyar waya mai faɗin ɗan yatsa da ta shiga faifan ita ce SATA, kuma SSD mai inci 2.5 zai hau kanta. Idan faffaɗar waya ka gani mai kamar ɗamara, IDE ce, kwamfutar ta tsufa ƙwarai, ka adana kuɗinka. Kada kuma a sayar maka da nau'in SSD da ake kira NVMe sai ka ga ramin da yake shiga, wato M.2, a allon da idonka.

Akwai batun Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Kwamfutar da ba ta kai nan ba, za ta ci gaba da buga takardu da hotuna, amma ban so ka dogara da ita wajen harkar banki. Irin wannan, ƙaramin SSD mai 256GB ya ishe ta. In ta mutu, ka zare shi ka sa a wata.

Wajen saye, nemi Samsung ko Kingston ko WD a kwalinsa, domin jabu na yawo, a rubuta 1TB alhali cikinsa bai kai ba. Ka sa a gwada a gabanka. Ɗora sabon Windows a kan SSD ɗin, tsohon faifan kuma in lafiyarsa ƙalau, bar shi a ciki ya riƙa ajiye hotuna da bidiyo. Idan canji ya rage, haɗa da ƙaramin UPS saboda ɗauke wuta.