Kafin a bar matashi ya kalli shirin rugujewar duniya

Shirye-shirye masu dogon zango da ke nuna rayuwa bayan annoba ko yaƙin nukiliya ya share yawancin mutane suna jan matasa sosai. Lambar shekarun da ke jikin shirin ita ce abin dubawa na farko, amma ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

A tsarin Amurka, wanda ya fara aiki a 1997, TV-14 gargaɗi ne ga 'yan ƙasa da shekara 14, TV-MA kuwa na 'yan 17 zuwa sama ne. Ku duba haruffan da ke gefe: V tashin hankali, S jima'i, L ashar, D zancen batsa. A Birtaniya hukumar tace fina-finai ta BBFC na ba da lambar shekara 12, 15 ko 18. Sai dai fa a Amurka gidan talabijin ko kamfanin shirin ne ke saka wa kayansa lamba, ba wata hukuma daga waje ba.

Daga nan ku kalli kashi uku ku kaɗai: na farko, ɗaya daga tsakiya, da na ƙarshen zango. Kuskure ne a tsaya a kashin farko kaɗai, domin yana iya fin sauran sauƙi. Mugun abin yakan zo a ƙarshen zango, kuma sabon zango na iya fin na baya muni. Sashen iyaye na IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, da sharhin Common Sense Media, ƙungiyar da ke nazarin shirye-shirye don iyaye, za su rage muku aiki.

Yayin kallo, kada dodanni ko gawawwaki masu tafiya su ɗauke muku hankali, yawancin matasa sun san ƙirƙira ce. Abin da ke kwana a zuciya shi ne zaluncin mutum ga mutum: azabtarwa, fyaɗe, kashe yaro, ɗa ya kashe uwarsa don ta kamu da cuta. Ku lura ko kyamara na kawar da kai ko tana tsayawa kan rauni. Ku lura ko kisan na damun wanda ya yi shi, ko an mayar da shi jarumta. Idan aka nuna dalla-dalla yadda wani ya kashe kansa, ko aka nuna hakan a matsayin mafita, wannan kaɗai ya isa a ce a'a, musamman ga yaron da ke fama da damuwa ko bai daɗe da yin rashi ba.

Tsakanin ɗan 13 da ɗan 17 akwai tazara babba, haka ma tsakanin sa'anni biyu.

In kun amince, ku kalli kashi biyu na farko tare, sannan ku tambayi matashin me zai yi da shi ne a wurin. A Netflix ana iya saita iyakar shekaru a kowane asusun yaro, a kulle na manya da lambobin sirri 4. Ku kashe tsarin da ke kunna kashi na gaba da kansa, domin matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. In ya fara mugun mafarki, ko tsoron kwana shi kaɗai, ko yawan zancen mutuwa, a dakatar da shirin a zauna da shi.