Kurakuran ɗalibai wajen tsare mai da furotin na ragowar kifi

Ɗaliban kimiyyar abinci da na bayokemistiri a Samaru sun fara sha'awar wannan aiki: a tattaro kawuna, fata da kayan cikin kifi, a narkar da furotin ɗinsu da inzayim (sinadarin da ke gutsuttsura furotin) irin fafen na gwanda ko alkales, a samu ƙananan gutsattsarin furotin masu jinkirta lalacewar mai, maimakon BHT, sinadarin masana'anta da aka saba sa wa abinci don wannan aikin. Yawancin aikin tun a kasuwa yake ɓaci.

Za ka ga an kwaso sharar mai yankan kifi a Sabon Gari da azahar, cikin zafin Afrilu, an zuba a leda. Kafin a iso ɗakin gwaji ta fara ruɓa. Idan na titus ne abin ya fi muni, don yana tara histamin, sinadarin da ke sa wanda ya ci shi rashin lafiya, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Ka je da sassafe da kula mai ƙanƙara a ciki.

Babban kuskuren kuwa shi ne barin kitse da jini. Man kifi na cikin man da suka fi saurin lalacewa, ƙarfen da ke cikin jini kuma yana ƙara masa gudu. Wanda bai wanke ba, bai cire kitsen ba, ya ba ɓarawo gadin kaya. Sai sakamako ya nuna dambun naman da aka sa wa narkakken furotin ɗin ya riga wanda ba a sa wa komai ba wari. Tarwadar gidan gona tana da kitse sosai a ciki, karfasa ta fi sauƙin sha'ani. A wanke da ruwan sanyi, a yaye kitsen da ya taso bayan narkarwa.

Wasu na barin inzayim yana aiki har abin ya yi ɗaci. A tsayar da shi da zafin digiri 90 na kamar minti 15.

Wani kuskuren shi ne zuba garin narkakken furotin ɗin da aka busar kai tsaye cikin man gyaɗa. Ruwa yake bi, ba mai ba, don haka zai kwanta a ƙasan kwalba. Ya fi aiki inda mai da ruwa suka cakuɗu, kamar niƙaƙƙen nama ko mayonis.

Gwajin DPPH, na auna ƙarfin furotin ɗin a kwalbar gwaji ba a cikin abinci ba, shi kaɗai bai isa hujja ba, ko da malamin da ke duba aikin ya yarda. A ajiye abincin na makonni, ana auna ferokzayid da TBARS, ma'aunan lalacewar mai, a gefe ga wanda ba a sa wa komai ba da mai BHT. A kuma ba mutane su ɗanɗana, don ƙarni kaɗan ya isa ya kori mai saye, amma a fara tambaya ko akwai wanda kifi ke sa wa borin jini.