Babi na Huɗu: Ƙaramar Sana'a da Asusun Haɗin Gwiwa

Wanda zai karanta wannan babi ya tanadi littafin rubutu guda ɗaya sabo, da fensir, da rula, da gwangwani biyu ko jaka biyu. Littafin na sana'a ne kaɗai. Kada a ba yaro ya yi aikin makaranta a ciki, kada a yagi shafinsa a ƙunshe wani abu. Lambobin da za ku gani a nan babu sunan kuɗi a jikinsu, kowa ya sa kuɗin da yake ciniki da shi.

Darasi na 1: Ja layi

Buɗe shafin farko. Kwantar da rula daga sama zuwa ƙasa, ka ja layi uku, za ka ga shafin ya rabu gida huɗu. A saman gidan farko, wato na hannun hagu, rubuta RANA. Na biyu ABIN DA YA FITA. Na uku ABIN DA YA SHIGO. Na huɗu BASHI. In layinka ya karkace babu laifi, nawa ma yakan karkace. Wanda hannunsa bai saba da rubutu ba tukuna ya yi alama a maimakon kalma: kibiya mai fita, kibiya mai shigowa, da'ira a gidan bashi. Lambobi dai dole ka rubuta su da hannunka, ko da za ka yi minti biyar a kan guda.

Darasi na 2: Jari daban, riba daban

A nan ne mafi yawanku kuke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Jari shi ne kuɗin da ka zuba kafin ka sayar da komai. A ce ka saro sabulu guda 20, kowane a kan 40. Ka biya 800. Kuɗin mota ya ci 60, ledar ƙunshi ta ci 40. Rubuta su ɗaya bayan ɗaya a gida na biyu: 800, sai 60, sai 40. Haɗa su, 900 ke nan. Wannan 900 ita ce jarinka. Mutane da yawa sukan ce jarinsu 800 ne, su manta kuɗin mota da leda, alhali daga aljihunsu suka fita. Raba 900 gida 20, za ka samu 45. To kowane sabulu ya zo hannunka a kan 45.

Yanzu ka sa farashi 55. Ranar farko ka sayar da guda 12, da yamma ka ƙirga ka samu 660. Rubuta 660 a gida na uku.

Ga tambaya: nawa ne ribarka? Duk ajin da na koyar, sai an samu wanda ya ɗaga hannu da murna ya ce 660. A'a. Wannan 660 ciniki ne. Cikinta akwai kuɗin sabulu 12 da suka tafi, kowane 45, wato 540. Wannan 540 ta sana'a ce, da ita za ka koma saro kaya. Cire 540 daga 660, saura 120. Ribarka ke nan, 120.

Ɗauko gwangwanayenka biyu. Ƙirga 540 ka zuba a na farko, ka rubuta JARI a jikinsa. Ƙirga 120 ka zuba a na biyu, ka rubuta RIBA. Daga gwangwanin riba ake yin cefane, daga shi ake biyan buƙatar gida. Gwangwanin jari ba a buɗe shi sai ranar sari.

Mu sake. Washegari ka sayar da guda 8 da suka rage, ka samu 440. Nawa ne na jari? Sau 8 na 45, wato 360. Nawa ne na riba? 80. Zuba 360 a gwangwanin jari. Yanzu juye shi ka ƙirga: 540 da 360, ya ba ka 900. Jarinka ya dawo gida cif. Gwangwanin riba kuma yana da 200. In ka samu waɗannan lambobi biyu, madalla da kai, ka wuce wuri mafi wuya a babin nan. In ba ka samu ba, goge ka sake, ba kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

Na taɓa koyar da wata baiwar Allah mai ƙwazo sosai, kullum kayanta sukan ƙare kafin la'asar. Bayan wata uku ta zo mini da hawaye, kayan da take iya sarowa sun ragu da rabi, ta ce ita ba ta san inda kuɗin suka shiga ba. Muka zauna muka bi kwanakin. Duk kuɗin cinikinta a bakin zani ɗaya take ɗaure su, yau a cire na magani, gobe a cire na takalmin yaro. Babu wanda ya sace mata ko kaɗan. Jarinta take ci tana ganin riba ce. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin gwangwani biyu da sun tsare ta.

Saboda haka mu sake sau ɗaya kuma. Kuɗin da ke hannunka da yamma, sunansa ciniki. Ka fara cire jari. Abin da ya rage shi ne riba. Na faɗa a makon jiya, na faɗa a makon da ya gabace shi, amma da na duba littattafanku na ga mutum bakwai sun rubuta cinikin rana sun sa masa suna riba. Haba jama'a! Ku manya ne masu riƙe da gidaje. In ba za ku ware jari ba, zuwanku ajin nan wahalar da ƙafa ne kawai. Ku gyara kafin mu haɗu.

Ƙaramin jari yana da ƙarfi in an tsare shi. A shekarar 1976 wani malamin jami'a a Bangaladesh, Muhammad Yunus, ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27 gaba ɗayansu. Cikinsu akwai mata masu yin kujerun gora, waɗanda ɗan kuɗin sayen gora kawai suka rasa, shi ya sa mai ba su bashi yake karɓe kayansu a farashin da ya ga dama. Daga wannan rance aka kai ga kafa bankin Grameen a 1983. Abin lura gare mu, sana'ar tana hannunsu tun farko, jari na kansu ne babu.

Darasi na 3: Bashi

In wani ya ɗauki sabulu 2 ya ce sai gobe, rubuta sunansa da 110 a gida na huɗu, a gabansa, yana kallo. Kada ka rubuta a gida na uku, domin kuɗin bai shigo ba. Ranar da ya biya sai ka ja layi a kan sunansa, ka mayar da 110 gida na uku, sannan ka raba: 90 gwangwanin jari, 20 gwangwanin riba. Kun ga rabon nan bai bar mu ba ko a nan. Mai ƙaramin jari ya rage ba da bashi iya ƙoƙarinsa. Ma'aikata 28 da suka buɗe kantin haɗin gwiwa a garin Rochdale na Ingila a 1844 sun sa wa kansu dokar kuɗi hannu, kuma tsarinsu ne ƙungiyoyin gama kai na duniya suka bi daga baya.

Darasi na 4: Asusun ƙungiya

Mutum ɗaya yakan daɗe bai tara abin ƙara jari ba, shi ya sa maƙwabta suke haɗa asusu. Tsarin da za mu bi ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara shi a Jamhuriyar Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, yanzu kuma ana yin sa a ƙasashe da dama.

A haɗu mutum 15 zuwa 25 da suka san juna. A zaɓi shugaba, da magatakarda, da mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku daban, kuma mai ajiye akwati ba ya riƙe makulli. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kaso shi ne adadin kuɗin da ƙungiya ta tsayar a matsayin zubi ɗaya. Kowane mako mutum yana zuba kaso ɗaya zuwa biyar, a buga masa hatimi a ɗan littafinsa, hatimi ɗaya kaso ɗaya. Mai neman rance ba ya karɓar fiye da ninki uku na abin da ya tara. Bayan kamar shekara guda a buɗe a raba, kowa gwargwadon zubinsa.

Zubin mako daga gwangwanin riba yake fitowa. Kada in ji wani ya taɓa jari don ya yi zubi.

Darasi na 5: Rance

Rancen da ka karɓa daga asusu ya shiga gwangwanin jari kai tsaye. Rubuta ranar biya a saman shafi.

Darasi na 6: Aikin gida

Wata ta saro kaya guda 10, duka da kuɗin mota sun tsaya mata 700. Ta sayar da guda 6 a kan 85 kowane. Nawa za ta zuba a gwangwanin jari, nawa a na riba? Ku zo da amsa da littattafanku ranar zama na gaba.