Yadda ake bin sawun taimakon da manyan ƙasashe ke bai wa gwamnatocin kama-karya

Duk lokacin da aka sanar cewa wata babbar ƙasa ta ware maƙudan kuɗi domin taimaka wa wata gwamnati, yawanci adadin kuɗin kaɗai ake faɗa, sai a bar mai sauraro da zaton cewa abinci ne ko magani zai isa ga talaka. Wanda yake son sanin manufar irin wannan taimako yana iya gano ta da kansa idan ya bi matakai kaɗan, kuma misalin da ya fi sauƙin koyo da shi shi ne dangantakar Amurka da Masar, domin alƙalumanta a bayyane suke.

Fara da raba kuɗin gida biyu, na soja da na farar hula, domin haɗa su wuri guda shi ne ke ɓatar da mutane. Bayan yarjejeniyar Camp David ta 1978 da sulhun Masar da Isra'ila na 1979, Masar ta shiga sahun gaba na masu karɓar taimakon Amurka, kuma tun 1987 kason soja ya tsaya a kan kusan dala biliyan 1.3 a kowace shekara, alhali kason tattalin arziki ya yi ta raguwa. Da zarar ka ga wannan rabo, ka san cewa da rundunar soja aka ƙulla abotar.

Daga nan sai ka tambayi inda kuɗin yake ƙarewa. Kuɗin sojan da ake bai wa Masar ba a miƙa shi a Alƙahira. Ana ajiye shi a wani asusu a Amurka, a biya kamfanonin ƙera makamai na Amurka da shi, su kuma su aika da jiragen yaƙi samfurin F-16 da tankokin Abrams da kayan gyaransu. Ma'ana, kuɗin yana komawa gida, kuma rundunar da ta dogara ga makaman wata ƙasa tana ɗaure da ita shekaru da yawa ta fuskar gyara da horo. Cibiyar SIPRI da ke Stockholm tana wallafa bayanan cinikin manyan makamai tsakanin ƙasashe kyauta a intanet, kuma a can za ka iya duba wanda ya sayar da wanda ya karɓa.

Mataki mafi muhimmanci, wanda ya cancanci ka daɗe a kansa, shi ne duba abin da ya faru da taimakon a ranar da gwamnatin ta aikata abin da mai bayarwa yake cewa ba ya yarda da shi. Dokar kasafin kuɗin Amurka ta hana ci gaba da taimaka wa gwamnatin da sojoji suka kafa ta hanyar kifar da zaɓaɓɓen shugaba. Amma a ranar 3 ga Yuli 2013, da soja ƙarƙashin Janar Abdulfattah al-Sisi suka tumɓuke zaɓaɓɓen shugaban Masar Muhammad Mursi, gwamnatin Obama ta ce doka ba ta tilasta mata ta yanke hukuncin ko juyin mulki ne ko ba shi ba ne, don haka ta ƙi furta kalmar. Ranar 14 ga Agusta jami'an tsaro suka tarwatsa zaman dirshan da magoya bayan Mursi suke yi a dandalin Rabi'a da ke Alƙahira, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙididdige aƙalla mutum 817 da aka kashe. An dakatar da aika wasu manyan makamai a watan Oktoba, aka kuma sake su a Maris 2015. Ni a ganina, dakatarwar da ba ta kai shekara biyu ba bayan irin wannan zubar da jini ta koya wa kowane mai mulki a yankin cewa fushin na ɗan lokaci ne.

Ka kuma karanta sharuɗɗan har ƙarshe. Majalisar dokokin Amurka takan ɗaure wani ɓangare na kuɗin da batun haƙƙin ɗan Adam, sannan ta bar wa sakataren harkokin waje ƙofar yafe mafi yawan sharaɗin da sunan tsaron ƙasa. A 2021 an riƙe dala miliyan 130, wato kashi ɗaya cikin goma, a Satumba 2024 kuwa aka saki kuɗin baki ɗaya, aka kafa hujja da rawar da Masar ke takawa a tattaunawar tsagaita wuta a Gaza.

Kwatanta da wata ƙasa yana ƙara haske. A Nijar, sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, amma sai 10 ga Oktoba Amurka ta kira abin juyin mulki a hukumance, kuma duk wanda ya san cewa a lokacin tana da sojoji kusan dubu a ƙasar da sansanin jirage marasa matuƙi a Agadez zai fahimci dalilin jinkirin. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada ka tsaya a kan ƙasa ɗaya, domin wanda ya auna Amurka ya ƙyale sauran bai yi adalci ba. Cikin kwanaki kaɗan da hamɓarar da Mursi, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait suka yi wa sabuwar gwamnatin alƙawarin dala biliyan 12, wanda ya ninka kason soja na shekara na Amurka sau tara. A Maris 2024 Tarayyar Turai ta sanar da yuro biliyan 7.4 ga Masar, yawancinsa bashi, kuma hana baƙin haure tsallakawa Turai yana cikin yarjejeniyar. Tambayoyin nan ne dai za ka yi wa Rasha da Sin da Faransa: me suka bayar, wa ya karɓa, me suka samu? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Game da katsalandan na ɓoye, irin shirya juyin mulki ko ɗaukar nauyin wani ɓangare a zaɓe, a nan ake buƙatar haƙuri, saboda jita-jita ta fi hujja yawa a kafafen sada zumunta. Ka bambanta abin da takardu ko kotu suka tabbatar da abin da ake zargi kawai. Sai a 2013 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta amsa a rubuce cewa da hannunta a kifar da Firaminista Muhammad Musaddaƙ na Iran a 1953, bayan shekara 60. Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi wanda Amurka da Faransa suka mara wa baya a shekarun 1980 domin taka wa Gaddafi birki, sai a Mayu 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma hujjojin da suka kama shi sun haɗa da takardun 'yan sandansa na siyasa da aka tsinta a tsohuwar hedikwatarsu a N'Djamena a 2001.