Kafin ka sa motar Beljiyam a haya

Ni da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega, takardar kwastam nake fara dubawa. Lambar shasi ta dace da ta takarda, harafi da harafi. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin Najeriya na kan tudu, saboda haka in dillali ya ce ta iyakar Kamba ta biyo, yi hattara.

Sa bakanike ya leƙa ƙarƙashi. A jikin salansa akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, kuma sau da yawa an fafe ta an sayar. Tayar da injin da sanyin safiya. In hayaƙin shuɗi ne, tana shan baƙin mai, don Allah bar ta.

Saura takardar VIO (masu duba lafiyar mota), inshora, da lambar haya mai jan rubutu.