Yadda na gyara motar da ke ƙin tashi da zafi

Tsohuwar motata mai injekta (na'urar fesa mai cikin inji) bugu ɗaya take tashi da safe. Amma in inji ya yi zafi na kashe, bayan minti 20 sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa. Na canza filogi, asarar kuɗi kawai.

Sai na lura in na murɗa makulli sau 3, famfon mai ya yi kukansa, tana kamawa. Na ɗaura ma'aunin matsin mai, ina kashe inji allurar ta faɗi warwas. Injektoci ba sa ɗiga. Ashe bawul ɗin famfo, wanda aikinsa hana mai komawa baya, shi ke barin mai ya koma tanki, zafi ya mai da man da ya rage tururi. Tunda na sauya famfon ba ta sake yi ba.