Yadda Ake Tsara Tafiyar Keke a Hanyoyin Tsakuwa na Peak District

Mai keken da ya saba da kwalta, in ka tambaye shi tafiyar da ya yi, da kilomita zai ba ka amsa. A Peak District wannan lissafin yana yaudarar mutum. Kilomita 30 a wani ɓangare ka gama su ko gumi bai keto maka ba, a wani ɓangaren kuma kilomita 10 kacal su sa ka sauka kana tura keke kana haki. Saboda haka abu biyu ake fara tambaya: nawa ne hawan, kuma me ke ƙarƙashin taya?

Wurin yana Ingila, tsakanin Mancesta da Sheffield, yawancinsa a gundumar Derbyshire. Shi ne yanki na farko da Birtaniya ta keɓe a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951. Kada kalmar gandu ta sa ka zaci dajin Allah ne da babu mai shi. Gonaki ne da ƙauyuka da tumaki, kuma mafi yawan filin yana da masu shi.

Mataki na 1: Zaɓi kudu ko arewa

Kudancin shi ake kira White Peak, saboda farin dutsen da ke ƙasarsa, irin wanda ake ƙonawa a samu farar ƙasa. Tuddai ne kore shar, an yanyanka su da katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Arewa kuwa Dark Peak, dutsensa baƙi-baƙi ne mai kaushi, ga fili fetal ga iska, can ne tudun Kinder Scout yake, mai tsayin mita 636. In karon farko ne, kudu za ka nufa, babu ja-in-ja.

Mataki na 2: San inda doka ta yarda ka taka feda

Nan baƙi suka fi tafka kuskure. Ba kowace hanya da ka gani ta ratsa gona ce aka yarda keke ya bi ba. Akwai hanyar ƙafa, wadda ake wa alama da kibiya mai ruwan ɗorawa, ta masu tafiya a ƙasa ce kawai. Akwai hanyar dawaki, mai shuɗiyar kibiya, ita ce taka. Dokar 1968 ce ta ba masu keke damar bin ta, da sharaɗin su kauce wa masu tafiya a ƙasa da mahaya doki. A taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, hanyar dawaki dogayen zanen kore ne a yanke-yanke, ta ƙafa kuma gajeru. Taswira mai lamba OL24 ta kudu ce, OL1 ta arewa.

Sai dai taswira izini kawai take nuna maka, ba ta gaya maka halin hanya. Koren zanen da ke nuna lafiyayyar hanyar gona, shi ne dai ke nuna Jacob's Ladder da ke kusa da Edale, wadda manyan duwatsu ne birjik a kan hawa mai tsauri. Masu keken hawan dutse ma sai sun yi da gaske. Don haka duk yankin da ba ka sani ba, nemi hotunansa a manhajoji irin su Komoot ko OS Maps kafin ka sa shi cikin tafiyarka.

Mataki na 3: Kafa tafiyar a kan tsohon layin dogo

Wannan shi ne gatan da wurin yake da shi. An cire ƙarafan wasu tsofaffin layukan jirgin ƙasa, aka zuba niƙaƙƙen dutse aka daddaɓe. Da yake jirgi ba ya son tudu, waɗanda suka gina layukan sun riga sun yi maka wahalar: sun fasa duwatsu, sun cike kwari.

Monsal Trail ita ce mafi sauƙi, kusan kilomita 14 daga gefen Bakewell zuwa Blackwell Mill. An rufe layin a 1968, kuma sai 2011 aka buɗe dogayen ramukan da ke ratsa cikin dutse ga jama'a. Kana cikin sanyin ramin Headstone, ruwa na ɗiga daga sama, ƙarar taya na amsa kuwwa, kwatsam sai ka fito kan doguwar gada, kwarin Monsal a ƙarƙashinka. Ana kunna fitilun ramukan da rana, a kashe da magariba, to kada ka rasa fitilarka. Aibinta ɗaya, cunkoso. Ranar hutu mai rana, yara da karnuka ba za su bar ka ka yi gudu ba.

Ni dai na fi son haɗin Tissington Trail da High Peak Trail. Ta farkon kilomita 21 ce daga Ashbourne zuwa Parsley Hay, tana hawa a hankali har ba ka ankara sai cinya ta fara gaya maka. Dab da Parsley Hay take haɗuwa da High Peak, mai tsawon kusan kilomita 27. Daga nan sai ka juya kudu maso gabas har Middleton Top, ka gangara tafkin Carsington, ƙananan titunan ƙauye su maido ka wajen Tissington. In daga ƙauyen Tissington ka tashi, ka yi da'ira ke nan, ba ka maimaita hanya ba.

Amma a kula da ƙarshen High Peak ta wajen Cromford. Layin tun farkon shekarun 1830 yake, lokacin da injin tururi ne ke janyo taragu sama da sarƙa. Ɗakin injin Middleton Top yana nan har yau. Hawan Middleton da na Sheep Pasture kusan mita 1 ne a kowace mita 8, kuma dogaye ne. Wanda ya ji an ce layin dogo ya saki jiki, nan zai gane kurensa.

Mataki na 4: Ƙidaya hawa kafin kilomita

Bayan ka zana hanyar, duba jimillar hawan. Ma'aunin da nake amfani da shi: mita 100 na hawa a kowace kilomita 10 tafiya ce ta jin daɗi, in ya doshi 200 kuwa, yini ne na wahala. A lissafin lokaci kada ka wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa, ka kuma ƙara na buɗe ƙofofin gona, don suna da yawa. Sa babban hawa a farkon tafiya, tun ƙafa tana da ƙarfi. Ka sauke taswirar cikin waya tun daga masauki, saboda cikin kwaruruka sabis ɗauke wa yake yi.

Mataki na 5: Shirya keken

Taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45 ta wadatar. Kada ka ɗura mata iska ta yi tauri kamar ta kwalta. Rage kaɗan, za ta fi kama ƙasa, hannunka ma ya huta da girgiza. Giya kuwa, nemi wadda faifan baya mafi girma ya kai na gaba ko ya fi shi haƙora, kamar 42 a baya da 40 a gaba. Sa tib guda biyu a jaka, da famfo, da kayan faci, da rigar ruwa ko da gari ya waye garau. Hular kwano ba sai an faɗa ba. In haya za ka yi, akwai wurin haya a Parsley Hay da Ashbourne da Middleton Top. Matsa birki tun kana tsaye ka gani: a Birtaniya hannun dama ne ke riƙe birkin gaba.

Mataki na 6: A kan hanya

Wajen hawa zauna daram a kan sirdi. Da ka miƙe tsaye nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a banza tana watsa tsakuwa. Wajen gangara ja jikinka baya, ka rage gudu tun kafin kwana. Farin dutsen nan in ya jiƙe santsinsa kamar an shafa sabulu.

In ka hango doki, rage gudu ka yi magana tun daga nesa, don keken da ya zo shiru ta baya yana firgita shi. Ƙofar gona ka bar ta yadda ka same ta. Daga Maris zuwa Mayu tumaki na haihuwa, kada ka ratsa tsakanin tunkiya da ɗanta. A kan titi hagu ake bi.

Rana ma tana cikin lissafi. A Yuni ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara. In wani ya ji rauni a inda mota ba ta shiga, kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce a haɗa ka da masu ceto na kan duwatsu.